Tsawa, Jan Kunne da Allah Wadai: Yadda Turanci Ke Rarrabe Kalmomin Faɗa

Duk mai bin kanun labaran jaridun Turanci na Najeriya ya saba da wasu kalmomi da ba sa samun hutu: "slams", "blasts", "berates", "flays", "carpets", "knocks". Yau gwamna ya jefi ɗan adawa da ɗaya, gobe ƙungiyar ƙwadago ta jefi minista da wata. In labarin ya iso Hausa, kusan kullum kalma ɗaya ce ke karɓe su gaba ɗaya, wato caccaka, in kuma abin ya ɗan yi zafi a ce Allah wadai. A kanun labari wannan bai cika ɓata wani abu ba, tunda su kansu editocin gajeriyar kalma mai ƙara suke nema wadda za ta shige cikin layi. Ɓarnar tana zuwa ne sa'ad da ɗalibi, ko ma'aikacin ofis, ko mai fassara, ya ɗauka cewa duk kalmomin faɗa na Turanci haka suke, kowacce na iya zama a gurbin 'yar'uwarta, bambancinsu kawai wata ta fi wata zafi.

Ba haka abin yake ba. Zafi yana cikin lissafi, amma ba shi ne kan gaba ba. Abin da ya fi raba waɗannan kalmomi shi ne matsayin mai faɗan a kan wanda ake yi wa, da inda aka yi faɗan, da kuma ko maganar za ta tashi da iska ko za ta zauna a fayil. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Uwa ce ke kwaɓar ɗanta, malami ya tsawata wa almajiri, aboki ya yi nasiha, shugaba ya ja kunne, kishiya ta yi habaici. In ka ji an ce yaro ya yi wa mahaifinsa tsawa, ka san wani abu ya lalace a gidan tun kafin a gaya maka abin da ya faɗa. Kunnen Bature ma haka yake jin nasa kalmomin.

A fara da "scold", wadda ita ce aka fi koyarwa a makaranta. Faɗa ne na babba ga yaro, galibi a gida ko a aji, da ɗan ɗaga murya amma ba da ƙiyayya ba. Ana cewa "she scolded the boy for coming late", wato laifin yana biyo bayan "for". In aka yi amfani da ita tsakanin manya biyu, to an ƙara wata ma'ana a ɓoye: mai faɗan ya mai da ɗan'uwansa yaro. Shi ya sa in jaridar Amurka ta rubuta cewa alƙali ya yi "scolding" ɗin lauya, ba wai kawai ta ce ya yi masa faɗa ba, tana nuna ya ƙasƙantar da shi a gaban jama'a.

Tarihin kalmar ya cancanci a tsaya a kansa. Masana asalin kalmomi da dama na ganin ta fito ne daga "skald", sunan mawaƙan fada na mutanen arewacin Turai na dā. Waɗannan mawaƙa suna wasa sarki, suna kuma yi wa abokin gabarsa zambo, kuma ana tsoron zambon nasu har tsofaffin dokokin Iceland suka tanadi hukunci a kansa. Wanda ya san maroƙan ƙasar Hausa ya san yadda bakin da ke yabo shi ne ke iya tsiraita mutum. Da kalmar ta zauna a Ingila sai waƙar ta faɗi, kaifin harshen ya rage, aka kuma ɗora shi a kan mata. Dokar Ingila ta ƙirƙiro laifin da ta kira "common scold", macen da aka ce ta dami unguwa da masifa. Hukuncinta a ɗaure ta a kujera a riƙa tsoma ta cikin kogi. Akwai kuma wani ƙarfe da ake kira "scold's bridle", linzami ne na gaske, ana kifa shi a kan mace da wani falle da ke danne harshe. An fara samun labarinsa a rubuce a Scotland a 1567. Laifin bai fita daga littafin dokar Ingila ba sai a 1967, a jihar New Jersey ta Amurka kuwa sai da kotu ta yi watsi da shi a 1972. Wannan tarihi ne na zalunci, kuma inuwarsa tana nan: har yau in aka kira mace "a scold" an ci mata fuska ne. Kalmar "nag" ma, wadda ke nufin mita da naci a kan abu ɗaya, kusan kullum mata ake liƙa wa ita, don haka mai hankali yakan yi kaffa-kaffa da ita.

Abin da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba shi ne, a bakin mutumin Ingila na yau "scold" ta ɗan tsufa. Abin da yake cewa shi ne "tell off": "the teacher told me off", "I got a telling-off". A lura, wakilin suna yana shiga tsakiya ne, "tell him off", ba a cewa "tell off him". Da za a bar wa mai koyo kalma ɗaya tak don hirar yau da kullum, ni wannan zan zaɓa masa, domin ba ta da girman kai kuma ba ta ɗauke da wani tsohon kaya. Tana da 'yar'uwa mai yaudara, "tick off". A Ingila faɗa ne mara nauyi, a Amurka kuwa "he ticked me off" na nufin ya ɓata mini rai. Jimla ɗaya, amma a Landan ni na yi laifi, a New York shi ya yi. "Chide" kuma kwaɓa ce mai taushi, sau da yawa da murmushi, kuma a rubutu ta fi rayuwa.

Daga nan sai kalmomin da ba ɗaga murya ne ƙarfinsu ba. "Reproach" ita ce ta fi kusa da zuciya. Ba sai kana sama da mutum ba kafin ka yi masa ita. Abin da ake bukata shi ne kana da hakki a kansa kuma ya ba ka kunya. Mata ga mijinta, aboki ga abokinsa, har mutum ga kansa. Ana iya yin ta da ido kaɗai, "a look of reproach", irin kallon da uwa ke yi wa babban ɗanta ba ta ce uffan ba. Masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci da yawa ita suka ɗauka wajen fassara rai mai yawan zargin kansa da ke cikin Suratul Ƙiyama, haka nan a maganar Annabi Yusuf ga 'yan'uwansa cewa babu zargi a kansu a yau. Zaɓin ya dace, domin a wuraren biyu maganar ba ta hukuma ba ce, ta amana ce. Daga ita ne aka samu "beyond reproach", mutumin da ba a samun abin zargi a jikinsa.

"Admonish" tana kallon gaba ne. Asalinta Latin ne mai ma'anar tunatarwa, kuma ta riƙe wannan har yau: jan kunne ne don kada a sake, kusa da nasiha ko gargaɗi. Alƙali yakan yi ta ga mai ba da shaida ko ga masu sauraro da suka cika surutu. A kotunan Scotland ma ta zama hukunci mai zaman kansa. Ana iya samun mutum da laifi, a yi masa "admonition" a sallame shi ba tara ba ɗauri, amma laifin ya shiga tarihinsa.

"Rebuke" ita ce tsawatarwa sosai: gajeriya, mai kaifi, daga mai iko ko mai ganin gaskiya na gefensa. Kiristocin Najeriya sun san ta daga coci, inda ake tsawata wa Shaiɗan da ita, kuma a Linjila ita ce kalmar da aka yi amfani da ita lokacin da Yesu ya tsawata wa iska a kan teku. A siyasa ta samu wani sabon aiki, inda ba sai an buɗe baki ba. In masu zaɓe suka kayar da jam'iyya mai mulki, ko kotu ta soke umarnin shugaban ƙasa, jarida za ta kira abin "a stinging rebuke". Mai fassarar da ya ce masu zaɓe sun caccaki shugaba ya kuskure, domin ba wanda ya yi magana. Sun juya masa baya ne, ko sun nuna masa iyakarsa.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne kalmomin hukuma, wato "reprimand" da "censure". Waɗannan ba yanayin murya suke bayyanawa ba, matakan ladabtarwa ne masu ƙa'ida, kuma ana rubuta su. Majalisar Wakilan Amurka ta fi ko'ina fito da bambancin fili. Tana da matakai uku na hukunta ɗan majalisa. Mafi tsanani shi ne kora, wadda ke bukatar kashi biyu bisa uku na ƙuri'u, kamar yadda aka yi wa George Santos a Disambar 2023. Ƙasa da ita sai "censure": rinjaye kawai ake bukata, amma dole ɗan majalisar ya fito ya tsaya a tsakar zauren, kakaki ya karanta masa laifinsa kowa na kallo. Ƙasa da wannan sai "reprimand", wadda majalisa ke kaɗa ƙuri'a a kanta ba tare da an tsayar da mutum a gaba ba. A Janairun 1997 an yi wa Newt Gingrich "reprimand" yana kan kujerar kakaki, aka ɗora masa biyan dala 300,000, ya kuma ci gaba da riƙe kujerarsa. A Disambar 2010 Charles Rangel na New York, wanda ya shafe kusan shekara 40 a majalisar, ya roƙi abokan aikinsa su sassauta masa daga "censure" zuwa "reprimand". Suka ƙi, da ƙuri'a 333 a kan 79 aka tsayar da shi Nancy Pelosi ta karanta masa. Dattijo ba zai yi wannan roƙo ba da a ce kalmomin biyu abu ɗaya ne. Kujerarsa ba ta cikin haɗari ko ta wace hanya. Tsayuwar nan a bainar jama'a yake gudu.

A Majalisar Dattawan Amurka kuma, lokacin da aka hukunta Sanata Joseph McCarthy a ranar 2 ga Disamba, 1954, da ƙuri'a 67 a kan 22, kalmar da ta fito a ƙudurin ƙarshe ita ce "condemned", ko da yake tarihi ya lissafa abin cikin "censure". Shekaru 120 kafin nan, a 1834, majalisar ta yi wa Shugaba Andrew Jackson "censure", abin ya tsaya masa a rai har sai da magoya bayansa suka sa aka soke shi daga kundin majalisa a 1837.

A nan ne kuma ake yawan rikita "censure" da "censor". Tushensu ɗaya, wani jami'in tsohuwar Rum mai ƙidayar jama'a da sa ido kan ɗabi'unsu, amma aikinsu ya rabu. "Censor" tace fim ko littafi ne, irin aikin hukumar tace fina-finai ta Kano. "Censure" kuwa tsawatarwar hukuma ce ga mutum a kan abin da ya riga ya aikata.

Jami'an diflomasiyya su ne suka fi kowa auna waɗannan kalmomi, har sukan kwana suna jayayya a kan guda ɗaya. A ƙudurorin Majalisar Ɗinkin Duniya akwai hawa-hawa da kowa ya sani: a nuna damuwa da "concern", a nuna takaici da "regret", a yi tir da "deplore", a yi Allah wadai da "condemn". Ranar da Iraƙi ta mamaye Kuwait, 2 ga Agusta, 1990, ƙuduri mai lamba 660 na Kwamitin Sulhu bai yi kwana-kwana ba, "condemns" ya ce. A ranar 2 ga Maris, 2022 kuwa, da Babban Zauren ya zartar da ƙuduri kan mamayar Rasha a Ukraine da ƙuri'a 141, kalmar da ya ɗora a kan mamayar ita ce "deplores", duk da an ƙara mata "in the strongest terms". Sassauta kalmar hanya ce ta jawo ƙasashen da ba sa son a gan su suna la'antar Rasha kai tsaye. In gidan rediyo ya fassara duka biyun da Allah wadai, mai sauraro ya rasa ainihin labarin, wato cewa an yi ciniki a kan kalmar. Hausa tana da isassun kalmomi na riƙe wannan tazara. Rashin kula ne kawai ke sa a zube su wuri ɗaya. "Denounce" tana kusa da "condemn", sai dai ita dole a bainar jama'a ake yin ta, sau da yawa da nuna mutum da yatsa.

Manyan kalmomin da jaridu ke so kuwa, yawancinsu duka ne aka mai da magana. "Lambast" haɗin tsofaffin kalmomi biyu ne da kowacce ke nufin jibga. "Flay" fiɗa ce, "excoriate" ma ɗaye fata ne a Latin. "Castigate" horo ne don gyara. "Berate" faɗa ne mai tsawo da ɗaga murya, kuma sau da yawa tana nuna mai faɗan ne ya wuce gona da iri. In aka ce fasinja ya yi "berating" ɗin ma'aikaciyar jirgi, tausayin mai karatu na wajen ma'aikaciyar. "Upbraid" ta littafi ce, da wuya ka ji ta a baki. Waɗannan su ne caccaka da wankin babban bargo na gaskiya. Ina ganin ɗalibai suna cusa su a rubutu don a ce sun iya Turanci, alhali sanya "castigate" inda uwa ta ɗan kwaɓi yaro kan ya zubar da shayi kamar ɗaukar tabarya ne don kashe sauro.

Maganar baka tana da nata salon. "Dress down" wanke mutum tas ne, galibi daga shugaba, kuma tana da ƙamshin bariki. "Read the riot act" ta samo asali daga dokar tarzoma ta Birtaniya ta 1714, wadda ta ce in mutum 12 ko fiye suka taru suna hargitsi, jami'i ya karanta musu shela, in awa ɗaya ta wuce ba su watse ba laifinsu ya zama babba. Dokar 1967 ɗin nan da ta share laifin mace mai masifa ita ce ta soke wannan ma a Ingila, amma karin maganar ya rayu da ma'anar gargaɗin ƙarshe. Masu kallon ƙwallo kuma sun san "hairdryer treatment", irin tsawar da tsohon koci Alex Ferguson ya riƙa yi wa 'yan wasan Manchester United fuska da fuska a ɗakin sauya kaya.

Akwai kalmomi uku da nake son duk mai shirin fita waje ya riƙe da kyau, domin ma'anarsu a Turancin Najeriya ta sha bamban da ta can. Mai sauƙin ita ce "query". A aikin gwamnati a nan takardar tuhuma ce da ke hana ma'aikaci barci, a Ingila kuwa tambaya ce kawai. In abokin aiki ya ce yana da "query" kan rahotonka, bayani yake nema. Ta biyu ita ce "abuse". A nan in yaro ya ce "he abused me", zagi yake nufi. A makarantar Ingila ko Amurka, wannan jimla daga bakin yaro tana nufin cin zarafi, duka ko lalata, kuma malamin da ya ji ta wajibi ne a kansa ya kai rahoto. Kalmar zagi a can ita ce "insult", ko a fayyace a ce "verbal abuse". Ta uku ita ce "chastise". A jarida tana nufin faɗa mai zafi, amma tsohuwar ma'anarta horo ne da bulala, kuma harshen shari'a bai manta ba: "reasonable chastisement" shi ne tsohon uzurin da iyaye ke kare kansu da shi in sun doki yaro. Scotland ta soke wannan uzuri a 2020, Wales ta bi sahu a 2022. Uban da ya gaya wa jami'ar kula da yara cewa yakan yi "chastising" ɗin ɗansa, yana nufin yakan yi masa faɗa, ya buɗe wa kansa ƙofar binciken da bai san ya buɗe ba. Da ya ce "I told him off", da maganar ta mutu a nan.

Bayan duk wannan, mutumin Ingila in ransa ya ɓaci da gaske a wurin aiki, da wuya ya taɓa ko ɗaya daga cikin manyan kalmomin nan. Zai ce "can I have a word?", ya ja ka gefe. Zai ce ya ɗan yi mamaki, "I was a little surprised", ko ya ce "I'm disappointed". In ya fara jimla da "with respect", ko ya ƙara ya ce "with the greatest respect", to abin da ke biye ba girmamawa ba ce, yana gaya maka ne kai ba ka san abin da kake faɗa ba. Baƙon da ya saba da shugaban da ke ɗaga murya yakan fito daga irin wannan ganawa yana murna an rabu lafiya, bai san an riga an yi masa jan kunnen farko ba. Na gaba da zai zo a rubuce yake zuwa, da kanun "written warning", daga shi sai "final written warning", daga nan sai takardar sallama.